Daga Bakin Allo: Fankar Teku Da Mai Waldan Nima

Da na yi niyyar wannan watan mu tattauna batun kuɗin jarrabawar yara, to amma wani zance ya gitta mini, na ga in na bar shi ya kwana zai huce.

Ran wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Adabraka ina duba littattafan yara, sai ga wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni. Yaron nan na koyar da shi lissafi tun farkon kama aikina. Yanzu magidanci ne, yana da shagon walda a Nima kusa da babban gwata, da yara huɗu masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ƙofar gidan da nake haya ma shi ya yi ta. Bayan mun gaisa sai ya zaro waya ya ce, "Ticha, don Allah duba mini wannan. Wani ɗan'uwanmu ne ya turo daga Jamus. Gaskiya ne, ko haɗin kwamfuta ne?"

Na karɓa na duba. Wani ƙaton jirgin ruwa ne a tsakiyar teku, ya kafa ƙafafu huɗu a ƙasan ruwa ya ɗaga jikinsa sama kamar rumbu a kan duwatsu, yana ɗaga wani farin abu mai kama da fiffiken jirgin sama zai liƙa shi a kan wata doguwar hasumiya. Na ce masa gaskiya ne, fankar iska ce mai ba da wutar lantarki ake kafawa. Ya yi shiru yana kallo. Ni na zaci zai tambaye ni nawa ne kuɗinta, ko kuwa yaushe za a kawo mana ita mu huta da ɗauke wuta. Sai ya ce, "To Ticha, wa ke yi musu waldar?"

Tambayar nan ita ta hana ni sakat, don na ga ta fi duk tambayoyin da nake ji a rediyo ma'ana. Bari mu bi ta a hankali.

Da farko dai, ita fankar nan kishiyar wadda ke ɗakinka ce. Taka wuta take ci ta ba ka iska, waccan kuwa iska take ci ta ba da wuta. Iska ta bugi fukafukai uku, su juya wani ƙarfe, ƙarfen ya juya janareta da ke cikin wani ɗaki a can ƙolin hasumiyar. Dalilin da ya sa ake kai ta cikin teku shi ne can iska ta fi ƙarfi kuma ta fi dawwama, babu gini ko tudu ko bishiya da zai tare ta, kuma babu mai gona da za a yi rigimar fili da shi. Mutanen Denmark suka fara gwadawa a 1991, a wani wuri da ake kira Vindeby, da fanka 11 ƙanana waɗanda duk ƙarfinsu bai cika megawat 5 ba. Sun yi aiki shekara 25, aka kwance su a 2017. Daga wannan ɗan gwaji abin ya girma har ya kai ga Hornsea ta biyu a gabashin Ingila, wadda aka kammala a 2022: fanka 165, kilomita 89 daga gaɓa, ƙarfinsu ya haura megawat 1,300. Don mai karatu ya gane, madatsar Akosombo da muke tinƙaho da ita tun zamanin Nkrumah megawat 1,020 take bayarwa idan duk injinanta shida suna aiki. Fiffike ɗaya na fankar Hornsea tsawonsa mita 81 ne, wato in ka shimfiɗa shi a filin ƙwallo kaɗan zai rage bai kai daga raga zuwa raga ba.

To yaya ake kafa irin wannan abu a cikin ruwa? Nan ne zancen ya fi daɗi, kuma nan ne amsar tambayar yaron take.

Shekaru kafin a ga ƙarfe ko ɗaya, sai an fara da awo. Ana ajiye na'ura a kan ruwa ta shekara ɗaya ko biyu tana auna saurin iska dare da rana. Wasu jirage su bi suna zana taswirar ƙasan teku, suna haƙo samfurin ƙasa don a san yashi ne, ko laka, ko dutse, daidai yadda magini na kirki ba ya zuba harsashi sai ya san irin ƙasar filin. A tekun Turai har bama-baman da suka rage tun yaƙin duniya sai an nemo an kawar. Daga nan injiniyoyi su zauna su lissafa kaurin ƙarfen da zai jure duka uku a lokaci guda: iska tana tura shi daga sama, igiyar ruwa tana dukansa a tsakiya, gishiri yana cinsa, har tsawon shekara 25 ko 30.

Sannan sai turke. Mafi yawan fankokin nan a kan turke ɗaya suke tsaye, wani bututun ƙarfe wanda faɗin bakinsa kan kai mita 8 zuwa 10, nauyinsa ya haura tan 1,000. Ba a zuba shi a dunƙule. Faranti-farantin ƙarfe masu kaurin gaske ake lanƙwasawa su zama zobe, a yi waldar bakin kowane zobe, sannan a jera zobban a haɗa su da walda har su zama bututu. Inji ne ke yin dogayen layukan, amma mutum ne ke saita injin, mutum ke gyara inda ya kuskure, kuma duk tsani da dandamali da madafin jirgi da ke jikin turken hannun mutum ne. Idan an kai shi wurin, sai a tsayar da shi a buga shi da wata ƙatuwar guduma har ya nutse mita talatin ko fiye a ƙasan teku. Ƙarar bugun nan tana iya kurmantar da dabbobin ruwa, saboda haka a wasu ƙasashe doka ta tilasta a kewaye wurin da tiyo mai huji ana hura masa iska, kumfar da ke tasowa ta zama kamar labule ta rage ƙarar. Na ga wannan dabara na ce lallai ilimi kogi ne.

Bayan turke sai jirgin nan mai ƙafafu ya zo. Dole ya kafa ƙafafunsa ya fita daga ruwa, domin ba a iya saita abu mai nauyin ɗaruruwan tan a kan ƙusoshi alhali jirgi yana rawa. Ya ɗora hasumiya, ya ɗora ɗakin inji, sannan fukafukai ɗaya bayan ɗaya. Abin dariya, babban abokin gabar wannan aiki ita ce iskar da aka zo nema: in ta yi ƙarfi ba a ɗaga fiffike, sai jirgi ya zauna jira, ga shi kuwa hayarsa ta kwana ɗaya ta isa ta gina makaranta. Wani jirgin kuma aikinsa shimfiɗa kebul daga fanka zuwa fanka, a tara wutar a wata tasha da aka gina a kan ruwa, a ƙara mata ƙarfi, a turo ta gaɓa ta wani babban kebul da ake binnewa a ƙasan teku. Binnewar nan ba ado ba ce, kuma mu a Ghana mun fi kowa sanin haka. A watan Agusta na 2012 anga ta wani jirgi ta fasa bututun gas da ke zuwa mana daga Nijeriya a tekun Lome, aka yi kusan shekara ba gas, kuma daga nan dumso ya kama mu da gaske har zuwa 2016. Wanda ya yi sana'ar ƙanƙara ko ɗinki ko aski a Maamobi a shekarun nan ba sai an ba shi labari ba.

Kafawa kuwa shekara biyu ce ko uku. Abin da ke daɗewa shi ne kula: shekara ashirin da ɗoriya ana fita da ƙananan jirage ana canjin mai da giris, ana ɗaure ƙusa, ana kankare tsatsa ana fenti, ana lilo da igiya a jikin fiffike ana like inda ruwan sama ya cinye. Akwai wani gari a Denmark mai suna Esbjerg. Da can garin masunta ne. Da aka sami mai a tekunsu sai ya koma yi wa masu haƙar mai hidima, da aka kafa fanka 80 na Horns Rev a 2002 kuma sai ya zama tashar da ake lodin fankoki. Jikokin masunta ne ke wannan aiki yau. Ku riƙe labarin garin nan, za mu dawo kansa.

To mu fa? Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Har zuwa ƙarshen 2024 babu gonar fanka ko ɗaya a cikin teku a duk faɗin Afirka. A kan tudu akwai. Kenya tana da fanka 365 a bakin tafkin Turkana. Senegal ta buɗe tata a Taiba Ndiaye a 2020, fanka 46 masu ba da kusan megawat 159. Can gida kuma, a Lambar Rimi ta jihar Katsina, an fara aikin fanka 37 na megawat 10, aka sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012, abin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Mu nan Ghana mun kafa dokar makamashi mai sabuntuwa tun 2011, muka ce kafin 2020 kashi goma cikin ɗari na wutarmu daga rana da iska da makamantansu zai fito. Da 2020 ta matso sai aka ɗaga wa'adin zuwa 2030. Wani kamfanin Suwizalan mai suna NEK ya daɗe yana shirin kafa gonar megawat 225 a Ayitepa cikin gundumar Ningo-Prampram, hukumar VRA kuma ta yi shirin megawat 150 a wajen Anloga da Anyanui da yankin Ada. Duka a kan tudu ne a bakin gaɓa, kuma har ƙarshen 2024 ba a ga hasumiya ko ɗaya a tsaye ba.

Akwai dalilai, kuma ɗaya daga ciki lissafi ne, don haka ku yi haƙuri da ni, hali zanen dutse. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurinta. Idan sauri ya ninka biyu, ƙarfi sau takwas yake ninkawa, domin sau uku ake buga saurin da kansa. A gaɓarmu ta gabas, daga Tema zuwa Ada zuwa Keta, inda iskarmu ta fi kyau, awo ya nuna wajen mita 6 a daƙiƙa. A tekun arewacin Turai ana samun 9 zuwa 10. Mai karatu zai ce ai tazarar ba yawa. To buga 6 sau 6 sau 6, ka sami 216. Buga 10 sau 10 sau 10, ka sami 1,000. Ka ga kusan ninki biyar ke nan. Cikin teku iskarmu za ta ɗan fi ta gaɓa, amma ba za ta kamo tasu ba. Na ba 'yan ajina wannan lissafi ran Litinin, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ashe iskar ma ba a raba ta daidai ba." Na ce zauna, kin ci maki.

Na biyu zurfi. Turke ba ya wuce ruwa mai zurfin mita 50 zuwa 60. In ya fi haka sai fanka mai iyo wadda ake ɗaurewa da sarƙa, irin biyar ɗin da aka fara kafawa a tekun Sikotilan a 2017, ita kuwa ta fi tsada nesa ba kusa ba. Tekunmu ta gabas inda iskar take, ba a nisa da gaɓa ƙasa ke zurmawa. Inda ruwa mara zurfi ya fi faɗi shi ne wajen Cape Coast da Takoradi. Na uku kuma, wanda ya fi duka, kuɗi. Wanda zai zuba dala miliyan ɗari-ɗari a ruwa yana so ya tabbata za a biya shi kuɗin wutarsa, alhali a 2023 kamfanoni masu zaman kansu da ke ba mu wuta sai da suka yi barazanar kashe injinansu saboda bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo Nima lokacin zaɓe ya ce muku baɗi za ku hango fanka daga Labadi, ku ba shi ruwa ya sha ya wuce.

Sai wani ya ce, to Malam, in abin ba ya kusa, me ya sa ka cika mana shafi da shi? Saboda na taɓa ganin irin wannan rana, kuma na ga yadda ta wuce mu.

A 2007 aka gano mai a rijiyar Jubilee, wajen kilomita 60 daga gaɓar yamma. Ran 15 ga Disamba 2010 marigayi Shugaba Atta Mills ya murɗa famfo mai ya fara fita. Wa ya manta zumuɗin da aka yi? A kowane bes na Nima da Maamobi da Sabon Zango, inda samari ke shan ataya, ba a maganar komai sai Takoradi. Makarantun bogi suka tsiro kamar naman kaza, suna karɓar kuɗin mutane suna ba su takardar da ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba. Shi kansa wannan ɗalibi nawa yana cikin waɗanda suka tafi. Lokacin bai daɗe da samun 'yanci daga mastansa ba, hannunsa kuwa kowa ya san shi. Ya sayar da wayarsa ya yi kuɗin mota, ya kwana uku a masallacin zango a can, ya bi layi a ƙofar wani kamfani. Da aka zo kansa ba a ce ya kama ƙarfe ya nuna abin da ya iya ba. Tambaya ɗaya aka yi masa: ina takardarka? Ya fito da hoton bikin yaye shi, ga shi ga masta ga kwalaben lemo. Mai gadi ya yi dariya ya nuna masa hanya. Ya ce mini abin da ya fi ƙona masa rai shi ne daga baya ya hangi waɗanda aka ɗauko daga wasu ƙasashe suna aikin, ya tsaya ya kalli hannunsu ta cikin waya, bai ga abin da suka fi shi ba.

Na yarda da shi, amma rabi. Mai yiwuwa ba su fi shi hannu ba. Abin da suka fi shi shi ne an gwada nasu hannun an rubuta. A irin wannan aiki ba a duban walda da ido a ce ta yi kyau. Ana ba ka bututu a kafe a karkace, ba ka da ikon juya shi, kai za ka zagaya shi, ka yi sama ka yi ƙasa ka yi ta gefe. Wannan jarrabawa ita ake kira 6G. In ka gama a ɗauki hoton cikin waldar kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko a yanka ta a lanƙwasa a ga ko za ta tsage. Ƙofar gida in waldarta ta saki, sai a kira ka ka sake. Turken da ke ƙarƙashin ruwa mita talatin in ya tsage, wa za a aika? Shi ya sa kamfanin inshora ba ya karɓar rantsuwa, kuma ba ya karɓar "kowa ya san ni a Nima". Kafin ma a bar ka ka taka jirgin, sai ka nuna wata takardar ta horon tsaro: aiki a bisa, taimakon farko, kashe gobara, ɗaga kaya, da yadda za ka tsira in ka faɗa ruwa. Ta masu fankar iska shekara biyu take yi a sabunta ta. Duk wannan da Turanci ake yinsa, kuma sai ka iya karanta zanen injiniya.

Jirgin da ke tara man Jubilee, wanda aka sa wa sunan Kwame Nkrumah, a Singafo aka haɗa shi. Sai a 2013 majalisa ta amince da dokar da ta tilasta wa kamfanonin mai su ɗauki 'yan ƙasa su kuma ba kamfanonin gida kwangila. Dokar ta yi amfani, don a ayyukan da suka biyo baya an ƙera wasu sassan ƙarfe a nan gida. Amma doka cewa ta yi a ɗauki ɗan Ghana, ba ta ce a ɗauki wanda ba shi da takarda ba. Har ta kai Hukumar Man Fetur tana tura matasa Kanada su koyo walda, a ƙasar da ke da Suame Magazine a Kumasi da Kokompe da Odawna a nan Ankara, inda in ka jefa dutse a kan mai walda ko fita zai faɗa. Wannan abu in ba a yi kuka ba a yi dariya.

A nan ne nake so iyaye su saurare ni, musamman mu mutanen zango. Mun kasa yaranmu kashi biyu. Wanda ke da ƙoƙari a aji, mu ce ya yi ta karatu ya zama lauya ko ya shiga banki. Wanda ya gaza, mu kama hannunsa mu kai shi wurin masta mu ce ga shi nan, boko ya ƙi shi. Wato aikin hannu ya zama juji inda ake zubar da wanda makaranta ta tofar. Mu malamai ma muna da laifi, ni na sha faɗa wa yaro "in ba ka yi karatu ba a gareji za ka ƙare", kamar gareji gidan yari ne. Sakamakon shi ne muna da masu takarda da ba su iya riƙe guduma ba, da masu guduma da ba su iya karanta ma'auni ba. Aikin teku kuwa, na mai ne ko na iska, mutum ɗaya yake nema mai duka biyun.

Kuma ba sai fanka ta zo tekun Ada wannan takarda za ta yi amfani ba. Waldar da ake nema a turken fanka ita ake nema a matatar mai ta Tema, da wurin gyaran jirage na Tema, da tashar Takoradi, da ma'adinan Tarkwa da Obuasi, da bututun gas na Atuabo. Mai aikin lantarkin da ya iya babban layi, da mai fentin da ya san maganin tsatsa, da mai ɗaure kaya wa injin ɗagawa, duk haka. Abin da ya faru a Esbjerg ke nan: ba su jira iska ba, hannun da ya yi wa mai aiki shi ya juya ya yi wa iska. Sannan ga 'ya'yanmu da ke bin sahara da teku suna shiga Turai ba takarda ba sana'a, suna ƙarewa a wankin kwano, alhali ƙasashen nan neman ƙwararrun masu walda suke yi ido rufe. Ban ce kowa ya tafi ba. Na ce wanda zai tafi da wanda zai zauna duk abu ɗaya suke bukata.

Wuraren koyo kuwa ba a sama suke ba. Accra Technical Training Centre tana nan Kokomlemle tun 1966, da ƙafa ma ɗan Nima zai je. Jami'ar koyon aikin teku tana Nungua, tirotiro ɗaya ne ko biyu. A Takoradi akwai cibiyar horo da kamfanonin Jubilee suka kafa a jami'ar fasaha ta garin. Hukumar CTVET kuma tana da tsarin da za a gwada wanda ya koyi aiki a wurin masta a ba shi shaida ba tare da ya koma aji daga farko ba. Wannan shaida ba ita ce ta ƙasa da ƙasa ba, kada in ruɗe ku, amma ita ce matakalar farko. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne kuɗin jarrabawar babbar takardar, da kuma ranakun da mutum zai rufe shago ba ciniki. Nan ne nake ganin Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, ya kamata ya sa hannu. An yi filayen ƙwallo masu koren kafet, an gode, yara suna jin daɗi. Amma da za a ɗauki kuɗin fili ɗaya a biya wa masu walda da masu lantarki na Nima da Maamobi da Fadama da Ashaiman kuɗin jarrabawa, a kawo mai gwaji har unguwa, da an ga abin da zai fito. Sarakunan zango da limamai da ke zuwa gaisuwa fadar gwamnati, ga abin roƙo nan. Ƙungiyoyin samari masu tara kuɗin anko na Sallah, ku ma ga shi nan.

Wani abu kuma da ba na so in tsallake. Tekun nan ba kango ba ce, tana da masu ita. Kifin bandar da matanmu ke saye a kasuwar Adabraka, wani ne ya kwana a kwalekwale daga Chorkor ko Jamestown ko Ada ya kamo shi. Tun da aka fara haƙar mai aka hana masunta matsawa kusa da jiragen da mita 500, su kuwa suna kukan cewa fitilun jiragen sun janye kifi zuwa inda aka hana su shiga. Gonar fanka ta fi jirgin mai cin wuri nesa ba kusa ba. Ranar da za a zo zancen, wajibi ne a zauna da Gaawa da Adawa da Ewe masu wannan ruwa tun kafin a zana taswira. Mu baƙinsu ne shekara fiye da ɗari, mun kuma san zafin a yanke hukunci a kanka ba ka wurin, ko ba komai mun ga yadda aka tashi Agbogbloshie a 2021.

Da na gama yi wa ɗalibin nawa wannan dogon bayani, har an kira magariba. Ya ce, "Ticha, ni fa yanzu na kusa arba'in, ga iyali. Kuma ko iyo ban iya ba." Na ce masa iyo dai ba gado ba ne, Sarkawan Argungu ma Hausawa ne, ruwa bai ci su ba. Ya yi dariya. Sai ya ce shi dai nasa ya wuce, amma a cikin yaransa huɗu akwai ɗaya ɗan Kotokoli da ya gama JHS da sakamako mai kyau, uban ne ya rasu aka kawo shi shago. Yaron yana karanta duk wata takarda da ta zo cikin kwalin kayan aiki, har yana gyara wa mastan nasa awo. Na ce to wannan shi ne mutuminmu.

Mun yi da shi zai saki yaron kwana uku a mako, ni kuma zan riƙa zama da shi ran Asabar da safe muna bitar lissafin kusurwa da karatun zane. Ran Laraba bayan an tashi makaranta mu uku za mu taka zuwa Kokomlemle mu tambayo yadda ake shiga da abin da za a kashe. Duk abin da aka faɗa mana, da adadin kuɗin har sidi na ƙarshe, zan kawo muku shi a wannan fili wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda kuma yake da takardar 6G a cikin masu karatu, ko ya taɓa aiki a kan jirgin mai, don Allah ya aiko da wasiƙa ta hannun edita, muna da tambayoyi.